Ranar da Katifa Ya Yi Niyyar Tsayuwa

A layinsu mai gyaran fanka ake ce masa, amma a ɗakin koyon judo da ke saman shagon fenti sunansa Katifa, kuma yana amsawa da fara'a. Tun yana saurayi ya shiga, yanzu ga furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A duk tsawon shekarun nan abu guda ya ƙware a kai, wato faɗuwa.

Kada a raina, faɗuwa ilimi ce. Sai ka manna haɓa a ƙirji, ka saki jiki, ka daki tabarmar roba da tafin hannu ta yi ƙara kamar an harba bindiga, sannan ka miƙe ka rusuna wa wanda ya kayar da kai. Duk ranar da iyaye suka zo duba ko za su kawo 'ya'yansu, Masta, mai makarantar, sai ya yafito shi. Ya kama kwalar rigarsa, ya ɗan juya ƙugu, sai ga Katifa a sama ƙafafu suna nuna silin. Iyaye su riƙe baki, su ce a rubuta yaransu. Da gwiwoyin Masta suka fara ciwo, Katifa ya rage masa aiki: da an ja shi kaɗan sai ya tashi sama da kansa. Ba wanda ya roƙe shi. Tarbiyya ke nan.

Masta ya sha faɗa cewa judo ba dambe ba ne, gyaran hali ne, kuma Katifa ne shaidarsa. Halin kuwa ya gyaru. Idan mutum ya ƙona fankarsa da hannunsa ya dawo yana zage-zage, Katifa ne zai ba shi haƙuri ya sake naɗa kwayil. Da maƙwabci ya dasa janareta daidai tagar ɗakinsu, Katifa ya fita zai yi masa magana, ya dawo ya ja gadonsu zuwa ɗaya bangon.

"Baban yara, hayaƙi fa muke shaƙa," in ji matarsa.

"Ba ki san judo ba ne. In mutum ya turo ka, ba ka turawa. Kaucewa kake yi, ƙarfinsa ya kai shi ƙasa."

"To yaushe zai kai ƙasan? Jiya ma babba na ga ya sayo."

"Haƙuri ake yi."

"Mahaƙurcin dai muna tare da shi kullum. Mawadacin ne har yau bai iso ba."

Shi kuwa ya san abin da yake jira. Masta ya tsufa, zai sauka ya miƙa makarantar, kuma ba a buƙatar dogon tunani. Wa ke share ɗakin? Wa ke ɗinke tabarmi in sun yage? A shagonsa na gyaran fanka, in ba kowa, Katifa har ya fara gwada tsayuwar malamai, hannu a baya, yana yi wa matattun fankoki tsawa.

Sai Masta ya ja shi gefe. "Katifa, ka san mijin 'yata?"

Ya san shi. Mai sayar da wayoyi ne, bara ya shigo makarantar, ɗamararsa da ƙyar take zagaye tumbinsa.

"Shi zan bar wa wurin, yana da kan kasuwanci. Ranar Asabar za a tara iyaye ya nuna musu gwanintarsa. Kai za ka tsaya masa."

"Ni, Masta?"

"Wa ya iya faɗuwa kamarka? Ka fitar da ni kunya."

Katifa ya rusuna. Sai da ya kai ƙasan bene sannan ya tuna cewa fushi ya kamata ya yi.

A gida ya ture kwanon abinci. "Wallahi ba zan faɗi ba. Zan kafa ƙafa in tsaya, kowa ya ga wanda ake shirin damƙa wa 'ya'yansa."

Matar ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauko farar rigar judon ta goge ta da kanta, ta ce za ta je, ita da ba ta taɓa taka matakalar benen nan ba.

Ranar Asabar ɗaki ya cika, har an aro benci daga shagon fenti. Surukin Masta ya fito yana zufa tun ba a fara ba. Ya kama kwalar ta inda ba a kamawa, ya harɗe ƙafafunsa, tsayuwar da ko iska ta isa ta zaunar da shi. Ya ja. Katifa bai motsa ba. Ya ƙara ja, har da nishi. Ko gezau. Ɗaki ya yi tsit, ana jin fanka tana juyawa.

"Haba yayana," suruki ya raɗa masa, "don Allah ka rufa min asiri."

Katifa ya kafa ido a bango. Wani daɗi da bai san da irinsa ba ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Suruki ya saki kwalar ya kai hannu zai share zufa.

Daga kan kujerarsa Masta ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi kafin kowace kayarwa.

Katifa dai ya ga silin. Ya ji tafin hannunsa ya daki tabarma. Waɗanda suka san abin sun ce bai taɓa yin faɗuwa mai kyan wannan ba.

"Ko taɓa shi bai yi ba!" wani uba ya yi ihu. "A rubuta min yarana duka!"

Aka ɗauki tafi. Katifa ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya rusuna.

A matakala matarsa tana gaba yana biye. "Ka ɗan tsaya kam," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Na gani da idona."

Sai ga suruki ya leƙo ta saman bene, fuska sai sheƙi take yi.

"Yayana! Litinin ka zo da wuri, akwai wasu iyayen da za su zo kallo."

Katifa ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya cika ƙirji da iska. Matar ta juyo tana jira.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.