Biskit ɗin Mijin Goggo

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na tsaya a tsakar wani gida a ƙasar Roni ina kallon biskit yana shiga kowane baki ban da bakin da aka yi shi dominsa. Ku ma'aikatan yanzu kun huta, abincin yara a leda yake zuwar muku. Mu a zamaninmu sai mun koya wa uwa ta yi da hannunta.

Bayan babban farin nan ne, kuɗin man fetur ya fara shigowa, aka ɗebi irinmu aiki. Ni ƙaramar malamar kula da gida ce a ofishin lafiya na Kazaure, ƙarƙashin wata Sista mai kirki amma mai faɗan tsiya. Ranar awo mata kan kawo yara ɗakin shan magani mu ɗora su a sikeli. Wanda nauyinsa ya gaza, sai a tura malama ta bi uwarsa gida ta koya mata abinci mai gina jiki.

Abin da na fi gwaninta a kai shi ne biskit ɗin gyaɗa da wake. Za a sami tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man gyaɗa, a haɗa da garin wake da aka surfa aka ɗan soya, da garin alkama, da ƙwai, da sukari kaɗan. A kwaɓa da tauri, a murza da kwalba, a yanka da bakin kofi. Gashin kuwa, yashi ake zubawa a gindin tukunyar ƙarfe, a jera su a kan faranti a ciki, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfin. Yana kwanaki bai lalace ba, yaro kuma ya ɗauka alawa ce.

A wani ƙauye na ƙasar Roni akwai wani yaro, Ila, bai daɗe da yaye ba. Gashinsa ya yi ja, ƙafafu sun fara kumbura, alamar tamowa ke nan, kuma na ga yadda take ƙarewa da yara. Uwarsa Hansai, yarinya mai nutsuwa, sau ɗaya na nuna mata ta iya. Wallahi nata ya fi nawa kyau. Amma awo ya zagayo, Ila bai ƙaru ba, ya ma ragu.

Sista ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ko ba ki koya mata daidai ba, ko kuwa talla take ɗorawa. Ki koma ki gano. In ya sake raguwa, ba na jin zai ga kaka."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Raina a ɓace na shiga mota, ina ta shirya faɗan da zan yi wa Hansai.

Na tarar da ita tana sauke tukunya, ƙamshi ya cika gida. Gidan babba ne, 'ya'yan yayyen mijinta sun fi a ƙirga. Ta juye biskit a faifai, yara suka yi caa a kanta, tana miƙa wa kowa da fara'a. Ila yana zaune a gindin turmi yana kallo. Ko inda yake ba ta duba ba. Da faifai ya kusa ƙarewa, sai ta tura masa wani gutsure da gefen hannu, fuskarta a wani wajen.

Na ja ta bayan rumbu na ce, "Hansai, don wa na koya miki abin nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama, a gaban Goggo? Sai a ce na ware wancan ina ɗura masa."

Ko sunansa ba ta kama ba. Nan take faɗan da na ƙunso ya zube, tausayi ya kama ni. Ila ɗan fari ne, Goggo kuwa uwar mijinta. Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a wurina, tawa uwar ma har ta rasu ba ta kira yayanmu da sunansa ba. Da na ce da Hansai ta ajiye kunya, kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi ne.

Goggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tsohuwa mai baki, ba haƙori ko ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Goggo, ashe haka kike riƙon miji? Duk garin nan ana cewa kin bar maigidanki da yunwa." Kun san jika namiji mijin kakarsa ne a wasa.

Ta ajiye mazari. "Wa? Wannan ragon? Ko gishiri bai taɓa sayo mini ba!"

Na ce, "Da wane ƙarfin zai je kasuwa? Dubi ƙafarsa."

Na ɗauko shi na ɗora mata a cinya, na danna yatsa a ƙafar, wurin ya lotsa bai taso ba. Dariyarta ta ɗauke. Na faɗa mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa in aka ci gaba a haka za a rasa shi. Ta shafa kansa, sannan ta ɗaga murya yadda kowa a gidan zai ji.

"Ke Hansai! Daga yau abin nan na malama ni za ki riƙa gasa wa. Ɗakina za ki kawo, kuma duk ɗan da ya taɓa mini, ni da shi ne."

Kowa ya san Goggo ko ƙosai sai ta jiƙa, amma wa zai tanka? Suruka ta yi wa uwar miji girki, ai abin yabo ne. Hansai ta ce, "To, Goggo," ta shige madafi da sauri.

Daga nan Goggo ce ke kawo shi awo, tana tafe tana yi masa tsiya wai ya cinye ta ƙarƙaf. Kumburin ya sace, nauyi ya fara hawa. Ranar da ya kai inda ake so, Sista da kanta ta ce, "Madalla," kalmar da ba ta cika ɓarnatarwa ba. Da na leƙa waje, sai ga Hansai a bayan taga, wai ta zo karɓar maganin ciwon kai. Ta matso ta ce a hankali, "Malama, ya mijin Goggo?"

Na ce ya ƙaru sosai. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta tafi ba ta karɓi maganin ba.

Shi ya sa nake gaya muku, koya wa mace girki shi ne sauƙin aikin nan. Kafin ku zargi uwa da sakaci, ku zauna a tsakar gidanta ku ga wane hannu ne aka yarje wa ya miƙa wa yaron. Wata uwar tana son ɗanta kamar ranta, hanya kawai take nema a buɗe mata.