Rigar da Anti Tela Ta Ƙirƙiro

Anti Tela a kan keken ɗinki ta yi furfura, a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Faɗa gare ta kamar me. Ka kawo yadi ka ce gobe kake so, sai ta tambaye ka ko aljanu ka ga ta ajiye a ƙarƙashin tebur. Amma ɗinki kam, ba a magana.

Shekarar da ciwon daji ya kama ta, likitoci suka cire mata nono ɗaya. A unguwa cewa ta yi wai tafiya ce ta kama ta. Da ta samu sauƙi sai ta kulle kanta da almakashi da ragowar yadi, ta ɗinka ta farke, ta sake ɗinkawa, har ta fito da wata rigar ciki da ba a taɓa ganin irinta a wajen ba. Aljihu ta yi mata daga ciki, ta cusa auduga da ƴan duwatsun ado don ya yi nauyi ya zauna daram. Ta sa rigar, ta koma shago, babu wanda ya lura. Burinta ke nan, a gaishe ta ba da muryar tausayi ba.

Mutum ɗaya ce ta sani, ƙanwarta ciki ɗaya, wadda ke kan keke na biyu. Ita ta yi jinyarta, ita ta riƙe mata madubi ranar gwaji, ta rantse har da hawaye ba mai ji.

To, baiwar Allah nan ba ta iya ganin abin kirki ta kama bakinta. Ta ɗauki rigar a bidiyo ta watsa a waya, ta faɗi wadda ta ƙirƙiro ta, ta faɗi dalili, wai don kada wani ya sace fasahar. Anti Tela a bakin mai aski ta ji, yana yi mata sannu yana sunkuyar da kai. Abin ya ci ta fiye da wuƙar likita.

"Yaya, don ki samu suna na yi," in ji ƙanwar. "Ki duba matan da za su amfana."

"Da sacewa kika yi kika ce taki ce, wallahi da na yafe miki."

Yanzu shagon ba ya rabo da mata masu irin lalurarta, kuma ba ta taɓa korar ko ɗaya ba. Sai dai duk wanda ya shigo, har mai neman a rage masa wando, ƙirjinta yake fara kallo, hagu da dama, yana lalube da ido, kafin ya tuna ya yi sallama.