Sau-Biyu: Wanda Ya Sa Kakin Ƙasa da na Ruwa

An haifi marigayin da abokan aikinsa suka fi sani da Sau-Biyu a shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da ke nesa da teku. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, mahaifiyarsa kuma tela, kuma shi ne ɗansu na fari.

Karatu

Ya gama firamare a 1971, ya yi shekara uku a makarantar koyon sana'a yana nazarin injuna, sannan ya koma rumfar mahaifinsa. Tun a lokacin ba shi da wani buri illa aikin soja.

Sojan ƙasa

A 1977 aka ɗauke shi sojan ƙasa. Bai cika shekara biyu ba ya faɗo daga katangar atisaye, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Ƙashi ya haɗu, amma likitan bariki ya yanke cewa ba zai ƙara moruwa ba, alhali ko sandar da yake dogarawa bai jira ya ajiye ba. Babu wanda ya sake duba shi, babu wanda ya tambayi dalili, domin a irin waɗannan wurare abin da babba ya faɗa ya zauna. Aka sallame shi a 1979.

Sojan ruwa

A 1981 ya shiga sojan ruwa, ya ɓoye cewa an taɓa sallamarsa, domin doka ta hana a sake ɗaukar irinsa. Sai dai sojan ƙasa yana sarawa da tafin hannu a buɗe, na ruwa kuwa tafinsa ƙasa yake kallo. Ana dab da yaye su, kwamanda ya shigo ɗakin kwanan kurata ba zato, shi kuma hannunsa ya tashi yadda aka fara koya masa.

“Kai, mota kake tsayarwa?” in ji mai horar da su. “Wannan hannun ba mu muka yi shi ba. A wace bariki ka samo shi?”

Bai yi musu ba, ya faɗi yadda aka sallame shi daga sojan ƙasa saboda ƙafarsa. Aka gurfanar da shi, sallama ta biyu tana jiransa. Kwamandan ya sa shi hawa da sauka a tsanin ɗakin injin jirgin ruwa har ya gamsu, sannan ya ce, “Ƙarya dai ka yi mana, kuma za ka ɗanɗana kuɗarka. Amma ƙafar nan lafiyarta lau, kuma a jirgi ina za ka da gudu?” Aka bar shi a aiki, aka haramta masa ƙarin girma na shekara takwas. Daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Aure da iyali

Ya auri wata ma'aikaciyar jinya a 1984. Ita ce ta riƙe gida a watannin da yake teku, kuma takan ce da ita da injin jirgi ba ta san wanda ya fi jin muryarsa ba.

Ƙarshen aiki da rasuwa

Ya yi shekara talatin a ɗakin injin, waɗanda ya koya wa aiki suka zama shugabanninsa, bai taɓa kai ƙara ba. Ya yi ritaya a 2011, wa'adinsa cikakke. Ya rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, Allah ya gafarta masa. Sojojin ruwa ne suka ɗauki makararsa, aka binne shi a maƙabartar bariki.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, malamin makaranta, mai bi masa, ungozoma, na uku, direban jirgin ƙasa, sai auta, wadda aka mayar da ita gida daga wajen ɗaukar soja bara, ta kuma sake neman shiga bana.