Hazo a Fuskar Baba Iliyasu

Har gobe ban manta da ranar da na wanke hoton Baba Iliyasu ba, bayan aikin Hajjin 2014. Lokacin ina mai ɗaukar hoto a shagon Ammi Sale a unguwar Tandabawi, can Ƙasa Mai Tsarki. Muna da tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, cikinta kamar zugazugi. Sai ka lulluɓa da baƙin mayafi, ka daidaita hoto a gilashin baya, sannan ka zura fim falle ɗaya mai faɗin tafin hannu.

An kira mu gidan Baba Iliyasu a unguwar Ka'akiyya. Ƙanwar Baba, Hajiya Rabi, ta zo daga Maraɗi, tana son komawa da hoton yayanta, don kowa ya san da wuya su sake ganawa. Ranar Asabar za su tashi.

Da na ɗauka na wanke, fuskar tsoho ta fito dishi-dishi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi abin daki-daki: ƙafafun kyamara ba sa rawa, gidan fim bai lanƙwashe ba, gilashin baya yana zaune daram. Ammi Sale ya ce idona ne ya fara tafiya, in je in yanki tabarau.

Sai na kwance idon kyamarar. Gilashi biyu ne, na waje da na ciki. Na wajen kullum yana shan goga. Na cikin kuwa, da na ɗaga shi ga fitila, ya yi maiƙo. Na kai hanci, na ji turaren wuta.

Ashe duk Juma'a maigidan nawa kan saka kasko cikin kabad ɗin kayan aiki, ya rufe don ƙamshi ya kama. Na miƙa masa gilashin. Ya shinshina, ya sosa ƙeya.

"Wallahi turaren mai tsada ne, ya Habu. Ma'alesh, yi haƙuri ka goge."

Na goge, muka koma Ka'akiyya. Wannan karon gashin gemun Baba ma ana iya ƙirga shi. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a goshinsa.

"Ga tabon da na yi masa da muciya muna yara," in ji ta, tana dariya tana share ido.

Daga ranar, in hoto ya ƙi fita, nakan duba kayan aiki, in kuma tambayi yadda ake kula da su. A sana'armu na ga masu lalata kaya da sakaci, amma Ammi Sale da ƙauna ya lalata nasa.