Makirufon Gyara da Rangajin Bappa

Nakan manta abin da na ci jiya, nakan manta inda na ajiye hulata alhali tana kaina, amma ranar da muka je ɗaukar muryar Bappa ba ta cikin abubuwan da za su ɓace mini, in Allah ya yarda. Shekaru sun ja, wasu daga cikin mutanen labarin sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Duk da haka har yau in na ga an kafa wa wani malami makirufo a gabansa sai murmushi ya kuɓuce mini.

Bappa ƙanen mahaifina ne, haka muke kiran baffa a Yola. Yana zaune a tsohon gidanmu na cikin Yola Gari tare da ƙanwarsa Goggo. A gabansa na koyi rubutun ajami. Yana da wata doguwar waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ya gada daga kakanmu, rabi Hausa rabi Fulatanci. Baitocin kam na rubuce su tun ina saurayi. Amma takarda ba ta riƙe karin murya. Yadda yake ɗaga ƙarshen baiti ya sauke shi a hankali, kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono, wannan a maƙogwaronsa kaɗai yake. Dukanmu mun gwada, ba wanda ya kama. Ga shi muryar ta fara rawa saboda tsufa. Na san in ya tafi, baƙaƙen za su zauna, waƙar za ta bi shi.

Maƙwabcina a Jimeta wani malamin firamare ne daga kudancin Adamawa, shi ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa. Ina ce masa Ticha, shi kuma yana ce mini Modibbo, wato babban malami, ko da yake ban kai ba. Da na gaya masa ina so in haɗa ɗan wurin ɗaukar murya a gida, kuma aljihuna ba shi da zurfi, sai ya ce mu je kasuwa tare, don in na je ni kaɗai zan dawo da kayan biki.

Bai yi ƙarya ba. Muna shiga shagon idona ya faɗa kan wasu lasifikoki masu tsayin yaro ɗan firamare, da wani faffaɗan akwati mai maɓallai jere kamar haƙoran kada. Ticha ya ja hannun rigata. Ya ce lasifika fitar da murya take yi, ba ta ɗauka, kuma maɓallan nan na masu makaɗa da yawa ne, mu kuwa tsoho ɗaya gare mu. Tunda ina da tsohuwar kwamfuta, abin da nake buƙata shi ne makirufo mai kyau, da ɗan akwatin da ke haɗa shi da kwamfutar, da abin sauraro na kunne, da sandar da za a kafa makirufon. Maganin amon ɗaki kuwa, ya ce barguna da katifa sun isa. Muka zaɓi makirufo irin mai kaifin ji, saboda muryar Bappa ba ta da ƙarfi. Mai shagon ya rantse cewa ko sauro ya yi tari zai ɗauka.

Da aka gama ciniki sai na tsaya ban tafi ba, na miƙa hannu. Mahaifiyata ta koya mini ba a barin gaban mai sayarwa sai da gyara.

"Oga Malam, nan ba kasuwar tumatir ba ne fa," in ji mai shagon.

Na ce ai ciniki ciniki ne. Ya yi ta dariya, ya jawo aljihun tebur, ya lalubo wani ɗan makirufo wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba, mai siririyar waya doguwa da ɗan maƙali kamar na shanyar kaya. Ya ce ga gyarata, in kai wa yara su yi wasa. Na jefa shi a aljihu, na manta da shi.

Shawo kan Bappa ya fi sayen kayan wuya. Sai da ya tambaye ni ko cikin kwamfutar yana da tsarki, da ko za a ajiye yabon Manzo kusa da waƙoƙin 'yan rawa. Na ba shi tabbacin ba kowa a ciki sai shi. A ƙarshe ya yarda, amma ya ce zama ɗaya zai yi, shi ba mawaƙin rediyo ba ne.

Wata Asabar da hantsi muka isa, ni da Ticha. Muka rataya barguna a bangon ɗakin Bappa har ya koma kamar shagon mai wanki. Aka roƙi Goggo ta dakata da daka, zakaran gidan kuma aka kife shi da kwando. Bappa ya zauna a kan buzunsa, Ticha ya durƙusa ya gaishe shi, ya kafa makirufon daidai bakinsa, ya sa abin sauraro a kunne. Bappa ya yi bisimilla, ya lumshe ido, ya fara.

Ni dai a kunnena ban taɓa jin ya rera ta da daɗi haka ba. Amma na lura fuskar Ticha tana ta tattarewa. Da muka saurari abin da aka ɗauka, sai ga murya kamar ta mai hawan lilo. Wani lokaci tana cikin kunnenka har kana jin numfashi, wani lokaci kamar daga Girei ake kiranka, a tsallaken Binuwai. Can a tsakiya kuma aka ji ƙum, inda goshin Bappa ya gaisa da makirufon. Goggo da ke leƙe ta bakin ƙofa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ticha ya ce, cikin ladabi, ko Baba zai daure ya zauna wuri ɗaya. Bappa ya ce ai a wuri ɗaya yake, ko an ga ya tashi? Ni ma na goyi bayansa, na ce bai motsa ba.

"Modibbo, ta ina za ka gani?" in ji Ticha. "Kai ma kana yi. Yana gaba kana gaba, yana baya kana baya."

Sai a lokacin na gane. Duk wanda ya tashi a gaban allo da rangaji yake karatu, gaba da baya, tun bai san hannun damansa ba. Abin ya zame mana kamar numfashi, ba ma ganinsa. Mun zauna mun lissafa zakara da turmi da amon bango, ba wanda ya tuna cewa mai waƙar ba ya tsayawa.

Na cire makirufon daga sanda na riƙe a hannu ina bin bakinsa. Yana zuwa ina tafiya, saura kaɗan in fasa masa hanci. Daga nan muka yanke shawarar da ta fi kowacce muni. Muka jingina bayansa da bango, muka tokare shi da matasan kai, ni kuma na dafa kafaɗunsa. Ya fara, bai yi nisa ba ya tsaya. Ya sake daga farko, ya zo daidai wurin ya sake tsayawa. Leɓensa yana motsi, ba abin da ke fitowa. Waƙar da ya rera tun kafin a haife ni, ko zazzaɓi bai taɓa sa ya yi tuntuɓe a cikinta ba.

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ɓingel am," wato ɗana, "ta tafi. Kwashe kayanka."

Dariya ta ɗauke a ɗakin. Na ga tsoro a idonsa, ya ɗauka tsufa ne ya zo ya karɓe abin da ya rage masa. Na zo in adana waƙa, ga shi ina neman zama sanadin ɓatanta.

Goggo ce ta shigo tana faɗa. Ta ce mun ɗaure mutum kamar ragon layya muna so ya yi waƙa, in ƙarfen namu gurgu ne ba ya iya bin mai gida, mu rataya masa shi a gemu mana. Gatse take yi. Amma Ticha ya juyo ya dube ni, ya ce ina gyarar nan tawa? Cikin ikon Allah rigar da na je kasuwa da ita ce a jikina. Na lalubo ɗan makirufon daga tsakanin goro da asuwaki.

Bappa ya ce shi kam ya gama. Na roƙe shi ya bari kawai in maƙala masa a wuyan riga, ko da ba zai ce komai ba, makirufon zai ɗauki abin da ya samu. Ya ɗaga kafaɗa. Na maƙala, muka kwashe matasan kai, Ticha ya soka wayar kai tsaye a kwamfuta ya koma gefe. Ni kuma na zauna gaban Bappa kamar zamanin ƙuruciya, na fara rera waƙar da kaina. Ba sai na yi ƙoƙarin ɓata ta ba, muryata ta wadatar. Na ga gemunsa yana motsi. Na ja ƙarshen baitin inda ba a ja.

"Ba haka ba ne," in ji shi. "Wa ya koya maka haka?"

Na ce shi. Ya yi tsaki, ya karɓe baitin don ya nuna mini. Jikinsa ya yi gaba, ya dawo baya. Ya wuce wurin da ya tsaya ɗazu bai ko lura ba, ya ci gaba, ɗan makirufon yana binsa duk inda ya je. Bai tsaya ba sai a addu'ar ƙarshe. Goggo ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba.

Da aka sa masa abin sauraro ya ji kansa, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce tsohon nan ya iya, sai dai ya cika jan rai. Muryar ba ta fito fes kamar ta gidan rediyo ba. Akwai ƙarar riga a ciki, da ƙwas-ƙwas ɗin tasbaha, da zakara daga ƙarƙashin kwando. Amma karin yana nan cikakke, daga farko har ƙarshe. Daga nan yarana suka koya, ƙaramarsu ma ta kama shi yadda ni ban taɓa kamawa ba.

Babban makirufon, Ticha na bar wa. Ya ce mawaƙansa ma suna rangaji, amma su hagu da dama suke yi, ba sa kai masa goshi. Ba a daɗe ba bayan wannan muryar Bappa ta shige, daga baya shi ma ya cika, Allah ya haskaka kabarinsa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka je shago, ka fara zama gaban mutumin da za ka yi wa sayayyar, ka dube shi yadda Allah ya yi shi. Kaya ne ya kamata su bi mutum, ba a tokare mutum da matashi don ya dace da kaya. Yanzu in wani matashi ya zo neman shawarar abin da zai saya da ɗan kuɗinsa, nakan ce ya rera mini tukuna, in ga yadda yake zama. In zai tafi kuma nakan tuna masa kada ya ji kunyar neman gyara.