Shekara Bakwai Bayan Yaya Sani, Har Yanzu Ana Ɗaure Supap

Juma'ar nan Yaya Sani ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kafa wurin wankin mota a Kara-Kara, inda na yi shekara goma sha ɗaya tare da shi kafin ciwon baya ya zaunar da ni. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru. Abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Bai bar gona ba, bai bar shago ba. Inji ɗaya ya bari, mai tura ruwa da ƙarfi, kuma da shi ake ciyar da matarsa da sauran gidan. Ɗansa Laminu, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ke riƙe da wurin yanzu. Ranar da injin nan ya mutu, tukunyar gidan ta tsaya.

Marigayi yana da tsari idan ƙarfin ruwa ya ragu, kuma ban taɓa ganin ya tsallake mataki ba. Na farko, a duba tano, wato gangar ajiye ruwa: akwai ruwa, kuma ya kwanta? Ruwanmu a nan masu kura ke kawowa, wani daga rijiya, wani daga tafki, da rairayi a ciki. Shi ya sa yake ajiye tano biyu, na yau da na gobe. Na biyu, a wanke filtir, matacin da ke tare rairayin. Na uku, a bi tiyon da ke shan ruwa, ko ya tsage yana jan iska. Na huɗu, bakin bindiga, ɗan ƙarfen da ruwa ke fita ta cikinsa. Idan rairayi ya faɗaɗa raminsa, ƙarfi ya tafi. Sai a na biyar ake taɓa supap. Buɗe cikin famfon injin shi ne na ƙarshe.

Supap ita ce ke mayar da ruwa baya idan mai wanki ya saki bindiga, don kada famfo ya fashe. Tana da baƙin kai na roba da ake murzawa. Idan ka ɗaure shi, ƙarfi yakan ɗan ƙaru, sai ka zaci ka yi gyara, alhali matse injin kawai ka yi, ciwon yana nan inda yake.

Ranar Talata na biya ta wurin. Na tarar da kamyo, babbar motar kaya, a tsaye, rabinsa jiƙe, rabinsa taɓo, Laminu ya durƙusa gaban inji.

"Baffa, abin nan ya tsufa," in ji shi. "Na ɗaure supap har ƙarshe, ruwan kamar na buta."

"Ka duba tano?"

"Cike yake."

"Ban ce cike ba. Ruwan yaushe ne?"

"Yanzu mai kura ya zuba."

"Ina filtir?"

Ya kau da kai. "Kullum toshewa take, sai na cire ta. Direbobi ba sa jira, Baffa."

Direban ya leƙo daga inuwa ya ce, "Tsoho, in wa'azi ne a bari sai Juma'a. Ni Tirmini zan koma."

Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Filtir ɗin a cikin bokitin sabulu na same ta. Ramin bakin bindiga ya buɗe har tsinken ashana yana wucewa. Na sa wani, na mayar da filtir, na sassauta supap zuwa inda take a da. Ƙarfi ya dawo, amma ba duka ba, don rairayi ya riga ya fara cin cikin famfo. Da an ƙara wata guda a haka, sai dai a sayar wa masu tsohon ƙarfe.

Tun ranar nake tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Wuraren wanki sun cika gari, kowa da injinsa, kowa hannunsa a kan supap. Ba wanda ke son ya jira ruwa ya kwanta. Laminu ba rago ba ne, tun safe yake tsaye a rana. Gaggawa ce ke damunsa, kuma wannan ne karo na huɗu da na yi masa bayanin nan.

Saboda haka a ranar, kafin in tafi, na kulle supap ɗin a inda take da noti biyu, na cire baƙin kan na zo da shi gida. Laminu bai raka ni bakin titi ba kamar yadda ya saba.

Na san Yaya ba zai yi haka ba. Da shi ne, zai jawo benci ya zauna, ya sa Laminu ya lalubo ciwon da hannunsa, ko da direba zai yi fushi ya tafi. Haka ya yi mini sau da yawa, bai taɓa ɗaga murya ba. Tsarinsa yana nan a kaina, ban manta ko mataki ɗaya ba. Haƙurin da yake koyar da shi ne ban gada ba. Na tsare injin na ɗan lokaci, amma ɗansa bai koyi komai daga gare ni ba, kuma ni ma ba yaro ba ne. Gobe da safe zan mayar masa da kan supap, in nemi benci.