Binciken Golan Da Bai Taɓa Shiga Fili Ba

Muna sallame sallar asuba ranar Asabar muka kama hanya daga Glenwood, unguwarmu a birnin Greensboro, mu uku a motar abokina mai tasi. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa, a baya kuma wani ɗalibi ɗan Kano da ke digiri na uku a jami'ar unguwarmu, rungume da taswirar da ya buga daga kwamfuta. Watan Fabrairu ne, sanyi har cikin haƙori. Matata ta cika mana kula da dambu, ta haɗa da kilishin da aka aiko daga Damagaram da filas biyu na shayi.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba, binciken aure aka aike mu, kuma sai da na nemi izinin masu abin kafin in ba ku labarin. Rakiya, ɗiyar yayata, ma'aikaciyar jinya ce mai shekara ashirin da takwas. Ita ta kawo wa mahaifinta, Alhaji, wani Bature mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ke zaune a McLeansville, wani ƙaramin gari kusa da mu. Sunansa Brian, amma tun da ya musulunta shekara biyu da suka wuce Ibrahim ake ce masa a masallaci. Ba wanda ya kama shi da wani abu. Magana ɗaya ce ta tsaya wa Alhaji a wuya. Da aka tambaye shi abin da ya yi bayan makaranta, sai ya ce wata ƙungiyar ƙwararru ta wasan hoki na kan ƙanƙara a jihar Pennsylvania ta ɗauke shi gola, ya yi kakar wasa biyu yana karɓar albashi, amma ko sau ɗaya bai shiga fili a wasa ba.

Alhaji ya ce a ƙasar da ake yanke wa mutum lada in ya makara da minti goma, ba mai biyan ƙato shekara biyu don ya zauna. Ko dai ƙarya yake, ko kuma a gidan yari ya yi shekarun nan. Ɗalibin ya duba intanet ya ga sunan a jerin tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar, amma duk gurbin da ke gaban sunan sifiri ne. Maimakon hankali ya kwanta sai zargi ya ƙaru. Ni ma ban yarda da shi ba. Mutum ne mai yawan shiru, yatsunsa biyu na dama a karkace suke, ga tabo a gefen wuya. A wurina wannan kamannin ɗan faɗa ne. Da yake ni ne kawu, kaina aka ɗora wa aikin.

Mun bi hanyar 220 zuwa Roanoke, gari na wayewa muna cikin duwatsun Virginia. Daga nan muka hau babbar hanyar 81, wadda manyan motocin kaya suka mayar tasu. Kowace ta wuce sai motarmu ta yi rawa. Gonaki ne hagu da dama, da shanu baƙaƙe tsaye cikin sanyi ba makiyayi. Mai tasi ya ce da Fulanin garinsu za su ga wannan sakaci da sun yi kuka. Isansi kuwa, wato man mota, duk arewar da muka ƙara sai ya ƙara tsada. Mun sha galan a dala biyu da 'yan kai a gida, kafin mu tsallaka Maryland har ya ɗora wani abu a kai.

A wani wurin hutawa kusa da Winchester muka haɗa azahar da la'asar a bayan mota. Wata tsohuwa mai yawo da kare ta tsaya tana kallonmu har muka sallame. Na shirya jin baƙar magana, sai kawai ta tambaya ko ƙasan bai yi mana sanyi a goshi ba. Muka ci dambunmu a cikin mota da gilas a rufe. A hanya hira ɗaya ce, Ibrahim. Mai tasi ya tsaya a kan gidan yari. Ɗalibin ya ce wataƙila ƙwaya aka kama shi da ita aka dakatar da shi. Ni kuwa na ce za mu tarar yana da mata da 'ya'ya a can.

Da yamma muka isa garin. Tsohon garin ƙarfe ne a cikin kwari, masana'antu a rufe, bututun hayaƙi tsaye ba hayaƙi, dusar ƙanƙara ta yi baƙi a bakin titi. Tun da muka shiga ban ga baƙin mutum ba sai a madubin mota. Muka kama ɗaki ɗaya mai gado biyu a wani ƙaramin masauki. Mai masaukin ya daɗe yana juya lasina kamar zai ga wani abu a bayansa. Abinci kuwa duk inda muka leƙa naman alade ne, har cikin wake, sai muka haƙura da soyayyen kifi da dankali.

Washegari Lahadi da hantsi muka je filin wasan. Gini ne babba kamar sito, an liƙa sanarwar akwai wasa da ƙarfe uku. Matar da ke sayar da tikiti ba ta san sunan ba, amma ta tura mu ƙofar baya wurin wani tsoho mai kula da kayan 'yan wasa, ta ce ya fi fentin ginin daɗewa. Muka same shi a gaban wani inji yana wasa kaifin ƙarfen ƙasan takalman da ake sulu da su a kan ƙanƙara, tartsatsi na tashi. Da na ambaci sunan Brian sai ya kashe injin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane mun zo da zargi mun tarar da wanda ya fi namu. Baƙaƙe uku da Turancin da ba na ƙasar ba, suna neman mutumin da ya bar gari shekara takwas. Ya tambaye mu ko hukuma ce ta aiko mu, ko wani abu ya sami yaron. Ya ce ba ya ba da labarin mutanensa ga wanda bai sani ba.

Ɗalibin ya fara dogon Turanci a kan al'adar aure a Afirka ta Yamma, tsoho ya juya zai kunna injinsa. Sai na ciro hoton Rakiya da kayan asibiti daga walat na miƙa masa. Na ce ɗiyata ce, shi yake son aurenta, a wurinmu kuma ba a ba da ɗiya sai an tambayi waɗanda suka zauna da mutum.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Awa takwas kuka yi a mota don wannan?" Na ce e. Ya ce shi da ya aurar da tasa ko sunan uban yaron bai tambaya ba, ga shi yanzu tana gidansa da 'ya'ya biyu. Ya jawo mana kujeru.

Ga abin da ya gaya mana. Kowace ƙungiya gola biyu take sa wa kaya, ɗaya a raga, ɗaya a benci ko da wani abu zai faru. A shekarun Brian ƙungiyar na da wani gola da ba ya ciwo, ba ya gajiya, in kuma aka hutar da shi sai babbar ƙungiyar da suke ƙarƙashinta ta aiko da nata yaron da take so a gwada. Brian shi ne na kullum a benci. Aikinsa ranar wasa ya buɗe wa 'yan wasa ƙofar benci su shiga su fita. Aikinsa na gaske kuwa da safe ne, wurin atisaye. Abin da ake bugawa a wasan nan ba ƙwallo ba ne, wani baƙin faifan roba ne mai tauri kamar dutse, tsohon ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu. Babban gola ba ya tsayawa a yi ta jifansa bayan an tashi, don haka duk mai son gyara bugunsa Brian yake samu. A nan yatsun suka karye, a nan faifan ya same shi a wuya har aka kai shi asibiti.

Na tambaya ko bai taɓa kusa shiga ba. Ya ce sau ɗaya. An buge babban gola ya kwanta, koci ya waiwayo ya kira Brian. Ya sa hular kwanonsa, ya ɗauki sandar wasansa, ƙafarsa ɗaya har ta taka ƙanƙara, iyayensa kuma suna cikin 'yan kallo ranar. Sai wancan ya miƙe ya ɗaga hannu wai ya warke. Brian ya mayar da ƙafarsa ya rufe ƙofar.

Ni dai ban saki jiki ba, don kowa na yabon nasa. Na ce masa mun ji alherin, saura aibin. Ya ce ranar da aka sallami Brian ya kakkarya sandunansa a wurin ajiye motoci, bayan nan kuma ya yi kusan shekara yana shan giya kamar mai neman kashe kansa, har shi tsohon ya taɓa ɗauko shi daga bakin titi. Daga baya ya shiga wurin masu taimakon mashaya, ya koyi gyaran injin sanyi a hannun mai kula da ƙanƙarar filin, ya yi kudu. Mata ko ɗa kuwa bai san da su ba. Gidan yari, ya yi dariya ya ce bencin nan ya ishe shi.

Ya ba mu tikiti uku kyauta a bayan bencin ƙungiyar. Wasan kam ban gane kansa ba. Sauri kamar walƙiya, faifan ba ya ganuwa, ana cikin wasa sai mutum biyu su yar da safar hannu su kama dambe alƙali na kallo. Mai tasi ya ce ashe Turawa ma na da damben gargajiya, sanyi ne kawai ya sa suke yin sa da takalmi. Ni idona na kan wani saurayi a ƙarshen benci, cikin kayan gola masu nauyi, da tawul a wuya da hular hana sallah. Awa biyu da rabi yana buɗe ƙofa yana rufewa, yana buga wa kowa kafaɗa. Duk sanda aka yi karo a gaban raga sai in ga ya ɗan miƙe, hannunsa ya nufi hular kwano, sa'annan ya koma ya zauna. Aka tashi rigarsa a bushe.

Litinin da sassafe muka juyo. Dusar ƙanƙara ta raka mu har Maryland, muna tafe a bayan motar da ke watsa gishiri a titi. A hanya gardama ta tashi a kan maganar giya. Mai tasi ya ce in rufe, abin da ya faru kafin mutum ya musulunta an yafe, in Alhaji ya ji auren ya mutu. Ɗalibin ya ce amana aka ba mu. Ni na fi awa uku ina auna maganar. Ina tuna Rakiya, wadda ta kira ni kafin mu taso ta ce, "Kawu, duk abin da ka gani ka faɗa, amma ka gani da idonka." Kafin Roanoke na yanke shawara zan faɗi duka.

Bayan la'asar muka shigo Greensboro, ban ko biya gida ba na wuce wurin Alhaji. Na zayyana masa komai, na ajiye maganar giya a ƙarshe, na faɗe ta ina kallon ƙasa. Alhaji ya ce, "Wannan ai tun ranar da ya fara zuwa gaishe ni ya gaya mini, Rakiya ma ta sani. Ni zaman bencin ne ban yarda da shi ba." Ya sa na maimaita masa labarin ƙafar da ta taka ƙanƙara ta koma, ya girgiza kai, ya ce a gaya wa Ibrahim ya turo manyansa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai yi mini daɗi ba. Mutum ya faɗi abin kunyarsa mun gaskata nan take, ya faɗi haƙurinsa mun ce ƙarya ne, har muka ƙona mai zuwa wata jiha. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. Abokina mai tasi injiniya ne a Yamai. Ni da takardar koyarwa na zo ƙasar nan, yau shekara tara ina ɗaga kwali a sito, ban taɓa tsayawa gaban allo ba, a gida kuma har yanzu Malam ake ce mini. An sa ranar ɗaurin aure bayan ƙaramar sallah, Ibrahim kuma ya roƙi in zama waliyyinsa. Na karɓa.